Wace Kaza Za Mu Saya? Tarihin Kajin Ƙwai Daga Akurkin Iyayenmu Zuwa Yau

Allah Ya maimaita mana wannan biki, Ya jiƙan waɗanda muka faro tafiyar nan tare amma ba su kawo yau ba.

Da aka ce kowa ta kawo abin da za a sa a takardar biki, na ce ni dai a bar mini kaza. Dalilin kowa ta san shi. Maganar zuba kuɗin asusu a kiwon kajin ƙwai ta daɗe tana yawo a taronmu, an kasa tsayar da irin da za a saya. Wasu sun ce jajayen gidan gona, wasu sun ce Noiler, su Inna da su Gwaggo kuma sun ce a bar neman wahala, a ƙara na Hausa. Kuɗin nan na adashi ne da ribar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula, in ya nutse ba mai biyanmu. Shi ya sa na bi asalin abin. Na tambayi tsofaffi, na tambayi malaman dabbobi, na kuma karanta abin da ajin yaƙi da jahilci ya ba ni ikon karantawa. Na tarar kowace kaza da muke gardama a kanta akwai waɗanda suka tace irinta, kuma akwai irin gidan da suka yi ta dominsa.

Mu fara da tamu ta gado. Iyayenmu a Gwiwa da Korayel da Dabi da sauran garuruwan ƙasar Kazaure ba yawan ƙwai suke dubawa ba idan za su bar kaza ta iri. Kaza ita ce bankin mace. Baƙo ya sauka, a kama ɗaya. Yaro ya kwanta, a kai biyu kasuwa a sayo magani. Ga suna, ga Sallah, ga kazar amarci. Mace mai haƙuri kuma ta tara kaji su zama akuya, akuya ta zama tunkiya. To mai wannan buƙata abin da take so shi ne kaji su yi yawa, don haka kazar da ake ji da ita ita ce mai kwanci da kyau, wadda ba ta barin ƙwai ya yi sanyi, mai tono, mai faɗa da shirwa a kan 'ya'yanta. Wadda ba ta da waɗannan halaye tukunya ce makomarta. Shekara da shekaru ana wannan zaɓe a tsakar gida ba tare da takarda ba, har aka samu kazar da muke gani yau.

Ga lissafinta. Tana saka ƙwai 10 zuwa 15, sai ta kwanta kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi kamar wata biyu tana jan 'yan tsaki, sannan ta yaye su ta koma saka. Haka sau uku ko huɗu a shekara. In kin tara duka, ƙwai 40 ne zuwa 60. Masu cewa kazar Hausa raguwa ce ba su yi mata adalci ba, aikin uwa ne ya cinye mata lokaci. Kuma a cikin kajin namu ma akwai iri-iri: shazumama mai murɗaɗɗen gashi, durgu mai gajerun ƙafafu, mai wuya ba gashi, da kazar Fulani wadda ta ɗan fi jiki. Masana sun ce shazumama da mai wuya ba gashi sun fi jure zafi, abin da kakanninmu suka gani da idonsu tun tuni.

Shi kansa ƙwan kaza a da ba abin ci ba ne sosai, na ƙyanƙyasa ne. Har cewa ake yi yaron da ya saba da cin ƙwai sata zai koya. Ni dai ina ganin dabara ce ta tsare iri, don in yara suka gano daɗinsa akurki ba zai cika ba. Ƙwan kasuwa na zabi ne, a damina, a dafa a kai tasha da ɗan yaji. Ita kuwa zabuwa ba ta iya reno ba, sai a ɗebi ƙwanta a sa wa kaza, ta kwanta masa kusan kwana 28 ta fito da 'yan zabi ta rene su kamar nata. Ku riƙe wannan, domin duk kajin da zan ambata nan gaba da wuya a samu wadda za ta yi mana wannan aiki.

Da Turawan mulki suka zo, shanu suka fara sa wa ido. A 1924 suka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a Vom ta ƙasar Filato, a 1928 kuma suka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya. Waɗannan wurare biyu har gobe suna nan, kuma dukansu sun shiga tarihin kazarmu daga baya. A ɓangaren kaji, dabarar da ma'aikatan gona suka daɗe suna bi, tun zamanin Turawa har bayan samun 'yanci, ita ce musayar zakara. A kawo jan zakara na ƙasar waje, irin su Rhode Island Red na Amurka, a ba mai gida, a karɓi nasa na Hausa, wai in ya bi kajin gida 'ya'yan za su fi girma su fi ƙwai. An yi haka a Najeriya, an yi a Nijar da wasu ƙasashen Afirka. Daga gidajen gonar gwamnati da ake rainon irin waɗannan kaji ne ma muka samo sunan "kajin gidan gona".

A takarda dabarar ta yi kyau, a tsakar gida ba ta daɗe ba. Baƙon zakara ya saba a kawo masa abinci, bai iya tono ba, bai san shaho ba, bai san muzuru ba. Zakarun maƙwabta da ba a karɓe ba su tare shi da faɗa, su ne kuma ke bin kajin. Hunturu ya shigo da annoba, shi ne farkon tafiya. 'Ya'yan da ya bari sukan fi jiki da ƙwai, gaskiya ne, amma sai an ƙara musu tsaba, kuma wasu ba su da kwanci kamar iyayensu mata. Bayan 'yan shekaru jinin ya narke a cikin na gida. An kawo zakara, ba a kawo abincinsa da rigakafinsa da ɗakinsa ba.

Sai zamanin kuɗin mai. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ana kiran kowa ya yi noma ya yi kiwo ko a bayan gidansa ne. Manyan gonakin kaji suka yawaita a kewayen birane kamar Kano da Kaduna da Ibadan, ana shigo da iyayen kaji da masara daga waje da arha. Mai shayi ya fara soya ƙwai da burodi, bakin mutane ya saba. A wannan tsakanin ne, a 1978, wani kamfani a Faransa ya fitar da jar kazar nan ISA Brown, wadda ita da 'yan uwanta ne muke kira leyas. Akwai kuma baƙaƙe, irin su Harco da Nera.

Wannan kaza a tsaya a fahimce ta, don ita ce ta fi jan hankalinmu. Tana fara saka a mako 18 zuwa 20, kuma in ta samu abin da take so tana iya kai ƙwai 300 a shekarar farko. Yadda aka yi ta kai haka shi ne an tace kwanci an fitar daga jininta, ba ta da hutun reno, aikinta ci da saka. Sannan ita 'yar haɗi ce: kamfani yana riƙe da kakanninta, layin uba daban na uwa daban, sai an haɗa su ake samun ta. In kika sa mata zakara kika ba kazar Hausa ƙwan ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba za su kamo uwar ba. Ma'ana duk zagaye sai kin koma kin sayi sababbin 'yan tsaki, kuma yawancinsu daga Ibadan da kewayenta ake ɗauko su a mota, su kwana a hanya kafin su iso Kano, balle nan.

Wani abin amfani da na koya a nan, tunda ni 'yar kasuwa ce: a jajayen nan, tun ranar ƙyanƙyasa mace ja-ja take, namiji kuwa fari-fari. A baƙaƙen kuma namiji yana da ɗigon fari a ka. Zakarun arha ake sayar da su, don gidan ƙyanƙyasa ba ya bukatarsu. Duk wadda aka kawo mata kwalin fararen tsaki da araha aka ce leyas ne na ISA Brown, ta sani wata biyar za ta yi tana ciyar da masu cara.

Daɗin kuɗin mai bai daɗe ba. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, abincin kaji da magani suka yi tsada, gonaki da yawa suka rufe. A 1987 kuma Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, wanda ya sa ƙungiyoyin mata irin tamu suka yawaita, tun muna cikin jihar Kano kafin a yanke Jigawa a 1991. Wahalar waɗannan shekaru ce ta ƙara nuna cewa dogaro da kazar da kakanninta ke Turai akwai haɗari. A Shika, wadda ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, masana suka duƙufa tun shekarun 1980 suna tace kazar ƙwai a cikin zafinmu da ƙurarmu, zuriya bayan zuriya. A 2000 aka fitar da ita da sunan Shika Brown. Ita ce kazar ƙwai da aka yi a Arewa saboda yanayin ƙasar nan, kuma abin alfahari ce. Sai dai ita ma kazar ɗaki ce mai son cikakken abinci, ba ta sakin tsakar gida ba ce. Kuma abin haushi, mu da muke kusa da Zariya, tsakin Ibadan ya fi nata sauƙin samu a wurin dillalanmu. Mai son ta sai ya yi oda ya jira.

A Fabrairun 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata babbar gona a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko da aka tabbatar da nau'inta na H5N1 a Afirka, ta kuma bazu zuwa Kano da wasu jihohi. Aka kashe kaji aka binne, gwamnati ta fara biyan diyyar naira 250 kan kowace kaza, mutane suka ƙaurace wa ƙwai da nama. Ta sake dawowa a 2015. Ita wannan ba ruwanta da iri, ja da baƙa da ta Hausa duk ɗaya ne a wurinta. Amma mu a ƙauye wadda ta fi cinye mu kowace shekara ita ce annobar hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil: kaza ta takure, ta yi koren kashi, wuya ya murɗe, kafin mako akurki ya zama kango. Maganinta rigakafi ne, kuma Vom na yin sa. Akwai mai suna I-2, da aka samo daga Ostareliya, wanda ya fi jure rashin firij, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Kwalba ɗaya tana isar kajin gidaje da yawa, in an haɗa ta kuma sai a ƙarar a ranar. Kun ga wannan aikin ƙungiya ne tsantsa, mace ɗaya mai kaji takwas ba za ta sayi kwalba don kanta ba.

Na baya-bayan nan su ne kaji masu fuska biyu, nama da ƙwai. Noiler, wadda wasu ke kira maja, kamfanin Amo ne na garin Awe a jihar Oyo ya fitar da ita. Akwai FUNAAB Alpha ta Jami'ar Noma ta Abeokuta, aikin Farfesa Olufunmilayo Adebambo (mace ce 'yar uwarmu, ta yi shekaru tana haɗa kajin gida da na waje). Akwai Kuroiler ta Indiya da Sasso ta Faransa. Masu waɗannan sun koyi darasi daga musayar zakara, suka nemi kazar da za ta iya yawo a tsakar gida ta yi tono, a ƙara mata dusa da tsaba. Daga 2015 aka yi wani babban gwaji a Najeriya da Tanzaniya da Habasha. A nan ƙasar an raba iri shida ga gidajen karkara, wato waɗannan huɗu da Shika Brown da kazar Fulani, a jihohi biyar: Kebbi, Kwara, Nasarawa, Imo da Ribas. Kebbi ce mai zafi irin namu. Abin da ya burge ni shi ne an sa kazar Fulani a layi ɗaya da ta Faransa, kuma galibi a hannun mata aka auna su, a gidajensu.

Noiler na sani sarai, don ina sayar da ita. Tana girma da wuri, launinta kamar na gida, a Sallah tana kuɗi. Ƙwanta ya fi na kazar Hausa nesa ba kusa ba, amma bai kai na leyas ba, ga ta da ci saboda jiki. Kwanci kuma ba ta damu da shi ba. Wadda ke son kiret kullum ta kai wa mai shayi, Noiler za ta ba ta kunya. Wadda ke son ƙwan da yara za su ci, da zakarun sayarwa a wata huɗu, ta samu abokiya.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon a karanta wa mazajenmu ma. Kazar leyas mai saka tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Kaji 100 ke nan kusan kilo 12, buhu mai kilo 25 kwana biyu da ɗan ɗoriya. Kafin ta saka ƙwan farko kowace ta ci kusan kilo 7, wato kaji 100 sun ci buhu 28 ko kusa da haka, ba a sayar da ƙwai ko ɗaya ba. Wannan wata huɗu da rabi zuwa biyar shi ne ramin da ke cinye masu farawa: a kashe jari a tsaki da ɗaki, abinci ya yanke a wata na uku, a koma dusa zalla, kaza ta tsumbure. Wadda ta tsumbure a ƙuruciya kuwa ko an dawo da abinci ba ta cika kamo 'yan uwanta ba. Bayan abinci tana son ruwa mai sanyi da ba ya yankewa, da garin ƙashi don ɓawo ya yi ƙarfi, da haske na kusan awa 16, wanda a wurinmu sai da fitilar sola. Bazara kuma, in zafi ya haura 40 a Afrilu, ci ya ragu, ƙwai ya ragu ya ƙanƙance, wasu su mutu a ɗakin kwano marar iska.

Abin da ya faru a 2023 kowa ta gani. A farkon shekara takardar kuɗi ta yi ƙaranci, ƙwai ya taru a gonaki ba mai saya, shi kuwa ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu, kaza kuma ba ta san an canza kuɗi ba, cinta take yi. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, masara da waken suya da kuɗin mota suka tashi, masu kaji da dama suka sayar suka rufe. A wannan shekara kazar Hausa ba ta san an yi ba. An ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, to ƙwai 300 da ke rubuce a takardar kamfani yana can cikin akurki, sai kin biya kuɗin buhu yake zuwa baka.

Ra'ayina, tunda an ba ni fili. Kada a raba kuɗin nan a saya wa kowace mace leyas biyar ta saka a tsakar gida. Wannan musayar zakara ce za mu maimaita da kuɗinmu. In ƙwan kasuwa muke so, a yi ɗaki ɗaya na ƙungiya mai iska, a inuwa, a fara da kaji 50, ja ko baƙa, ko Shika Brown in an samu ta hannun da aka amince da shi. Ni na fi karkata ga baƙa, don ta fi jiki, in ta gama saka tana kuɗi a kasuwa. Kaji 50 buhu ɗaya ne duk kwana huɗu, in suna kan ganiya kuma za a kwashi ƙwai 40 ko fiye a rana, kiret ɗaya da ɗoriya. A sa mata biyu su kula, a biya su, a ba su littafi su rubuta buhun da ya shiga da ƙwan da ya fita. Mu da muka yi yaƙi da jahilci ga inda karatunmu zai yi rana. Kada a sayi tsako ko ɗaya sai an ware kuɗin abincin wata biyar an ajiye gefe. Kuma muna da abin da na birni ba su da shi: dawa tana iya maye wani kaso na masara, ga tunkuzarmu ta gyaɗa, muddin ba ta yi fumfuna ba. A nemi malamin dabbobi ya auna mana haɗin, kada a yi da ka.

Matan da ke son kiwo a gida a ba su Noiler 'yan mako huɗu ko biyar waɗanda suka wuce wahalar ɗumi, goma-goma. Kajin Hausa kuma kada wadda ta kawar da nata, su ne masu kwanci, su ne masu fito mana da zabi, abin da suke nema wurinmu rigakafi ne da akurkin da muzuru ba zai shiga ba. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida, kuma kada kajin gida su kusanci ɗakin ƙungiya.

Saura lokaci. Tsakin da aka kawo a Nuwamba zai sha sanyin hunturu yana ƙarami, ya zo fara saka a Maris ko Afrilu, tsakiyar zafi. Wanda aka kawo a Yuni ko Yuli zai fara saka a Nuwamba ko Disamba, lokacin da hatsi ya shigo ya yi sauƙi, gari kuma ya yi sanyi, sai dai a kula da damshin damina a ɗakin reno. Ina roƙon shugabarmu da sakatariya su sa wannan a ajandar taro mai zuwa, kuma kafin ranar kowace unguwa ta ƙirgo kajin Hausa da ke gidajenta, don mu san kwalbar rigakafi nawa za mu nema kafin iskar hunturu ta kaɗa.